Shadda Uku a Birnin Alƙahira

Tikitin jirgin da ya kai ni Masar ba da kuɗina aka saya ba, kuma a duk labarin nan wannan ne ya fi yi mini ciwo. Karo-karo 'yan'uwa suka yi. Gwiwar babban yayanmu ce ta matsa masa har salla ta koma ta zaune, likita a Kano ya ce sai an yi aiki, dangi suka yanke shawarar a kai shi Alƙahira. Ranar da aka taru a ɗakin Hajiya ana neman wanda zai raka shi, ko shayin da aka zuba bai huce ba aka gama magana. Ƙanwarmu ce ta fara: "Wai me ake nema ne? Ga Malam nan zaune, Larabci a bakinsa kamar ruwan famfo." Na sunkuyar da kai na ce, "A'a, mu ai ɗalibai ne, ba mu san komai ba." Ka dai san irin wannan tawali'un, wanda mai shi ke kasa kunne yana jiran a ƙaryata shi. Aka kuwa ƙaryata ni baki ɗaya, na karɓi muƙamin tafinta kamar dole aka yi mini. Babu wanda ya tuna a lokacin cewa famfon unguwarmu ya fi shekara bai kawo ruwa ba.

A yi mini adalci dai, ba haka kawai na kumbura ba. Na durƙusa a zaure na karanci Ajurrumiyya, na wuce Ƙaɗrun Nada, na haddace Alfiyyar Ibn Malik, baiti dubu da 'yan kai, na bi ta da sharhin Ibn Aƙil. Na leƙa Maƙamatul Hariri har na tsinci kalmomin da ko Balaraben ma sai ya buɗe ƙamus. Shekara da shekaru ina koyar da nahawu a Islamiyya, yara na ganina suna gyara fataha da rufu'a tun kafin in shigo aji. Kuma na san Ibn Hisham mai Ƙaɗrun Nada mutumin Alƙahira ne, haka ma Ibn Aƙil, dukkansu a can suka rayu suka rasu a ƙarni na 14. Saboda haka a raina garin malamaina zan je. Na ɗauka ko mai sayar da lemo a can, in ka tambaye shi farashi, sai ya kawo maka mubtada ya bi shi da habari.

Shirin da na yi na manya ne. Na ɗinka farar shadda gezna, babbar riga da 'yar ciki da wando, telan ya zuba mata aiki har wuya. Na zauna dare uku ina tsara jimloli a littafi: yadda zan gaisa da shehunan Azhar, yadda zan yabi kogin Nilu, da amsar da zan bayar idan wani ya ce, "Kai, a ina ka koyi Larabci haka?" Wannan amsar ma kala uku na tanada, saboda na san tambayar za ta yawaita, kada mutane su ga ina maimaita abu ɗaya. A duk shafukan nan babu layi guda da ya shafi ruwan sha, ko kuɗin mota, ko inda mutum zai kewaya. Malami ba ya shirya wa irin waɗannan.

A filin jirgi wani ɗan unguwarmu da ke karatu a Azhar ya tarbe mu. Tsohon ɗalibina ne, na taɓa tsayar da shi a rana kan ya kasa fitar da ƙaf daga inda ya kamata ta fito. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ɗauki jakata, ya kai mu masauki a Madinatu Nasr. Da zai tafi sai ya ciro wata takarda da ya yago daga littafin rubutu, ya miƙo da hannu biyu yana sosa ƙeya. "Allah gafarta Malam, wasu 'yan kalmomi ne na Ammiyya, irin wadda suke yi a titi. Ba su fi bakwai ba. Ko da za su yi amfani. Ta farkon nan ma ta fi muhimmanci." Ya faɗe ta da baki, ni kuwa kunnena yana wani wuri. Na karɓa kamar yadda attajiri ke karɓar kyautar goro ɗaya daga talaka, na ninke ba tare da na duba ba, na jefa a aljihun sabuwar rigata da ke rataye. Na ce, "Allah ya yi albarka, yaro. Ka dai riƙe Fusha, kada karatunka ya lalace da yaren kasuwa." Ya ce, "To, Malam." Yanzu da nake tuna wannan "to" ɗin, na gane har da tausayi a cikinta.

Washegari da safe na sauka zan sayi ruwa a wani ɗan kanti. Na gyara murya, na yi sallama cikakkiya, sannan na saki jimla mai ɗauke da "ya ɗan'uwana mai daraja", da "shin zai yiwu", da tanwini a ƙarshen kowace kalmar da ta cancanta. Mai kantin ya tsaya da buɗaɗɗen baki har na dire. Sai ya ɗaga hannu biyu sama ya ce, "Sadaƙallahul azim!" Wasu samari biyu da ke gefe suka tuntsire da dariya. Ni ma na yi murmushi, na ɗauka yabo ne, har na fara laluben amsa ta ɗaya daga cikin ukun nan. Sai daga baya aka gaya mini haka suke tsokanar duk wanda ya zo sayen ruwa da Larabcin huɗubar Juma'a.

Daga nan kunnena ya fara shan wahala. Mutanen Alƙahira sun ɗauki jim sun mayar da ita "ga", raƙumi ya tashi daga jamal ya koma gamal. Ƙaf kuwa, ƙaf ɗin da na tsayar da ɗan mutane a rana saboda ita, gari guda sun haɗa baki sun yar da ita. Gahawa, wadda littafi ya ce ƙahwa, a bakinsu ahwa ce. Zuciya alb, alƙalami alam. Sai a kalmomi ƙalilan, kamar sunan Alƙur'ani da sunan garin nasu, suke tuna akwai ta. Burodi ma ba su yarda da sunan da na sani ba, aish suke ce masa, wato rayuwa. Na yi ta jin ana shelar rayuwa a kan titi, ana ɗauke da ita a kan faranti bisa keke.

Amma ga inda gizo ke saƙa, kuma shi ne abin da duk mai shirin tafiya ya kamata ya ji daga bakin wanda ya ɗanɗana. Su suna gane ni. Sun yi makaranta, suna jin labarai a rediyo, suna jin huɗuba. Ni ne ba na gane su. Tambaya ba ta da wuya, ko aku aka koya wa zai yi. Amsar ce bala'i. Sai in jefa tambaya mai kyau kamar ginin masallaci, a dawo mini da amsa a guje kamar an ɓare buhun gero a kan kwano. A nan kalmomi biyu kawai ake buƙata: mish fahim, ban gane ba. Sai a ƙara da birraha, a hankali. Yaro ɗan shekara biyar zai iya faɗarsu. Ni na kasa. Yaya za a yi mutumin da ya gama zuba balaga yanzu-yanzu ya buɗe baki ya ce bai gane ba? Sai na ƙirƙiro dabara: duk abin da aka faɗa in gyaɗa kai da nutsuwa irin ta masana in ce, "Na'am." Da wannan na'am ɗin na amince da abubuwa da yawa a ƙasar Masar waɗanda har yau ban san ko mene ne ba.

A asibiti kuwa aikin nawa ya mutu murus tun ranar farko. Ashe likitocin Masar da Turanci suke karatun likita. Likitan ya dubi Yaya ya yi masa Turanci, Yaya ya mayar masa da irin nasa na Kantin Kwari, suka fahimci juna sarai. Tafintan da dangi suka yi wa karo-karo ya koma mai riƙe fayil da tura keken mara lafiya. Abin da ya fi ƙona mini rai, Yaya, wanda karatunsa bai wuce Ahalari ba, cikin kwana uku ya tsinci kalmomi huɗu: bikam, nawa ne, gali, ya yi tsada, khalas, shi ke nan, da shukran. Da su ya sayi carbi, ya rage kuɗin sanda, ya ƙulla abota da masu shara da nas-nas, har ana ƙara masa shayi. Idan bai gane ba sai ya ware hannu ya ce da Hausa, "Wallahi ban ji ba, sake faɗa." Kuma sai a sake faɗa masa! Ni ina gefe ina gyara masa lafazi a zuci.

Rana ta huɗu na hau tasi ni kaɗai. Da muka isa na ciro kuɗi, direban ya dafa ƙirji ya ce, "Khalli, khalli ya shekh." Wannan kam na gane, daga asalin kalmar: bar shi. Raina ya yi fari. Na ce a zuci, ga shi nan, a ƙarshe an sami wanda ya san darajar ilimi. Na mayar da kuɗina aljihu, na tsaya a bakin taga na yi masa addu'a mai tsawo, na haɗa da iyayensa da zuriyarsa, na juya na kama hanya ina taku ɗaiɗai. Ban yi taku goma ba na ji hon, sannan na ji ƙarar buɗe ƙofa, sannan na ji wani irin Larabci da babu shi a Maƙamatul Hariri. Ashe khalli ɗin nan irin bisimillar da muke yi wa mai wucewa ce idan muna cin abinci. Ana faɗa, kai kuma ka ce Alhamdu lillahi ka wuce. Ni ne baƙon da aka yi wa bisimilla ya wanke hannu ya janye kwanon gabansa. Na biya, na ƙara da na kunya.

Da na ga tasi ta zama abin da ta zama, sai na koma ƙananan bas, irin hayis ɗinmu. A can idan za ka sauka kalma biyu ce da kiran direba: ala gamb yasta, gefe, maigida. Ni kuwa da na hango inda zan sauka sai na fara gini. Na ɗauko harafin kira, na ɗora "ina nufin", na kawo "an", na tsaya tabbatar da cewa fi'ilin da ke bayanta ya sami fataharsa. Kafin in gama i'irabi mun wuce gada, mun wuce wani masallaci, mun shiga unguwar da ban taɓa gani ba. Jimlar dai ta fito ba kuskure ko ɗaya. Na yi tafiyar kusan rabin awa a ƙasa ina komowa, ina ta jaddada wa kaina cewa fatahar nan tana wurinta.

A wannan tafiyar ƙasan ne na tuna Mansa Musa, sarkin Mali, wanda ya sauka a wannan gari a 1324 kan hanyarsa ta hajji. Al-Umari ya rubuta cewa mutumin yana jin Larabci sarai, amma bai yarda ya yi magana da jami'in sarkin Masar ba sai ta bakin tafinta. A da ina ɗaukar wannan a matsayin izzar sarauta. Ranar nan na fara zargin cewa shi ma wani mai kanti ne ya ce masa sadaƙallahul azim.

To, aka yi wa Yaya aiki, Allah ya ba da sa'a. Kwana biyu bayan haka ya ce, "Malam, ka gaji da zaman asibiti, je ka ga gari." Ranar da nake jira ke nan. Na yi wanka, na saka farar shaddata, na kafa hula, na fesa turare, na nufi Azhar, masallacin da Faɗimawa suka fara ginawa a shekarar 970. Na ce yau zan haɗu da tsarana.

A hanya yunwa ta kama ni, na shiga wurin masu koshari. Abinci ne na talaka da mai kuɗi: shinkafa da taliya da adas, wani ɗan ƙaramin wake mai faɗi, a zuba miyar tumatir, a watsa soyayyiyar albasa. Mai zubawa ya ɗaga wata kwalba ya ce, "Shaɗɗa?" Kunnena ya ji shatta, wadda a littafi take nufin iri-iri, daban-daban. Na ce a raina, yana tambaya ko a haɗa mini kowane iri. Na gyaɗa kai na ce, "Na'am." Ya zuba. Ya dube ni. Na sake cewa na'am. Ya sake zubawa, wannan karon yana kallona da girmamawa. Cokalin farko ya sanar da ni cewa shaɗɗa barkono ce da aka dama da mai. Amma Bakano ne ni, jikan masu yajin ƙuli, ga mutane suna kallo. Na cinye tas, hawaye na zuba ina murmushi. Da na fito na kashe wutar da kofi biyu na ruwan rake mai sanyi, wanda ake matsewa a gabanka. Wuta dai ba ta mutu ba, ƙaura ta yi zuwa ƙasa.

Na yi azahar a Azhar, ban haɗu da shehi ko ɗaya da ya nemi jin ra'ayina ba. Na zaga bayan masallacin inda shagunan littattafai suke, na sayi sharhi mai mujalladi huɗu, aka ɗaure mini a leda biyu. Na tsallaka titi na shiga Khan al-Khalili, tsohuwar kasuwar da ke nan tun ƙarni na 14, lunguna a cikin lunguna kamar Kurmi. Ina tsakiyarta, na riga na manta ta inda na shigo, sai cikina ya yi wata ƙara irin ta tsohuwar babbar mota a kan tudu. Na tsaya cak. Ya lafa. Na yi taku biyar, ya sake murɗawa, wannan karon da sanarwa ta ƙarshe. Gumi ya karyo mini. Ga leda biyu masu nauyi, ga babbar riga fara fat, ga masu shaguna na ta jan hannuna suna nuna mini fitilu da ƙananan dala na roba. A nan ma akwai kalmar da ke sallamar su, la shukran, a'a na gode. Ni na'am na saba, saboda haka wani har ya fara naɗe mini fitila.

Na kutsa cikin wani gidan abinci da na gani a lungu, na zauna a kujerar da ke jikin wani labule, saboda tsayuwa ta fara gagarata. Wani saurayi mai kawo abinci ya zo da fara'a. Na jawo shi kusa. Kalmar da littattafan fiƙihu suka koya mini ita na fara cirowa: na tambaye shi ina baitul khala'i. Ya ɗaga gira. "Bet khaltak?" Wato gidan innata, ƙanwar mahaifiyata. Ya tambaye ni a wace unguwa take, yana shirin yi mini kwatance. Na girgiza kai. Na sauya dabara, na koma ga sakaya irin ta masu ladabi, na ce ina so in biya hajata, wato buƙatata. Fuskarsa ta washe. "Haga sa'a?" A wurinsu haga abu ne kawai, haga sa'a kuma abin sha mai sanyi, wata ƙaf ɗin ce aka yar a tsakiyar kalmar. Ni kuwa sa'a na ji, wato awa guda. Awa guda! Na riƙe hannunsa na ce, "La, la! Al'an! Yanzu!" Ya ruga a guje, ya dawo a guje, ya dire mini kwalbar lemo mai raɓa, ya buɗe ta da alfahari.

A wannan lokacin ne wani abu ya motsa a can ƙasan ƙwaƙwalwata. Kalmar da yaron nan ya faɗa ranar da muka sauka. Ha da mim a cikinta. Na kamo ta. Amma kunya ta hana ni ɗaga murya, ga iyali a teburin kusa, ga wata dattijuwa tana kallon aikin rigata. Sai na rufe baki da gefen hannu, na matse haƙora, na raɗa masa a gajarce: "Hamam."

Ai sai saurayin nan ya buga tafi. "Hamam! Hadir ya basha!" Na ji sanyi a raina, na fara tattara riga zan miƙe. Ya dafa kafaɗata ya zaunar da ni. "Mahshi walla mashwi?" Na ce a zuci, ikon Allah, har kala biyu gare su, na tsuguno da na zama ke nan. Na ce kowanne, kowanne, da sauri. Ya ce, "Goz?" Ban san goz ba. Na ce, "Na'am." Ya ware yatsunsa goma a gabana, alamar minti goma, ya shige ciki. Na ce to, layi ake yi, akwai mutane a ciki, haƙuri ya kama ni.

Ɗan'uwa, ban san ko ka taɓa ƙirga minti goma da dukkan jijiyoyin jikinka ba. Na harɗe ƙafafu. Na warware. Na karanta duk addu'ar da na sani ta neman sauƙi, na koma kan baitocin Alfiyya ina bi ɗaya bayan ɗaya don in ɗauke hankalina, na iso babin da ban taɓa mantawa ba na tarar na manta shi. Na yi alkawarin sadaka. Na yafe wa mutanen da ban yi niyyar yafe musu ba. Dattijuwar nan ta yi mini murmushi, na mayar mata da wani abu da nake fatan ya yi kama da murmushi. Minti goma suka zama sha biyar. Sai ga saurayin ya fito daga kicin, hannu a sama, ɗauke da faranti yana tururi. Ya ajiye a gabana. Tattabaru biyu ne, an cusa musu shinkafa har sun kumbura, sun yi jawur, ƙafafunsu a sama, ga ɗan kofin romo a gefe. Goz ashe biyu ke nan, mata da miji. Ya ja da baya yana jiran yabo.

Na dubi tattabarun nan, su ma kamar suna dubana. A nan ilimin ya dawo mini gaba ɗaya, a lokacin da ba shi da sauran amfani. Hamam, mim mara shadda, tattabara. Hammam, mim mai shadda, makewayi. Shadda! Ni da na shekara ina dukan allo ina cewa yara, "Ku danna harafin, shadda ba ado ba ce!" Ni ne yau na haɗiye ta don kunya.

Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi. Na miƙe tsaye, kujera ta faɗi, na buɗe murya irin wadda nake jan salla da ita, na ce, "HAMMMMAM!" Mim mai shadda gunnarta haraka biyu ce a ƙa'idar tajwidi. Ni na ba ta wajen shida. Gidan abincin ya yi tsit, cokula suka tsaya a iska. Saurayin ya dube ni, ya dubi tattabaru, ya dubi yadda na tsaya a karkace, sai ya dafe kai. Bai ce komai ba. Hannu kawai ya miƙa ya yaye labulen da ke bayan kujerata. Ƙofar tana nan. Tun da na shigo nake jingine da ita.

Ba zan ba ka labarin abin da ya gudana a ciki ba, sai dai in ce na fahimci ma'anar falala. Amma Alƙahira ba ta gama da ni ba. Da hankalina ya dawo na duba ko'ina babu buta. Sai wani ɗan famfo a jikin bango, can ƙasa ta gefe. Na miƙe, na gyara, na tattare babbar riga a hannu ɗaya, na sunkuya ina nazarinsa kamar matani mai wuya, na murɗa shi gaba ɗaya. Ashe wani siririn bututu ne a cikin masan kansa, shaɗɗafa suke ce masa, an saita shi ya harba ruwa sama ga wanda ke zaune. Ni kuwa a tsaye nake, na leƙa. Ya same ni daga haɓa har gwiwa. Kafin in gano ta inda ake kashewa, hula ta jiƙe, aikin wuyan riga na ɗiga, gezna ta manne a jikina kamar an tsamo kaza daga rijiya.

A garinmu shadda uku muka sani: ta sakawa, ta karatu, da ta bayan gida. Ban taɓa zaton za su haɗu a kaina rana ɗaya ba. Na saki ta karatu, na sha wuya kafin in sami ta bayan gida, ta sakawar kuma ga yadda ta ƙare.

Na fito ina ɗiga. Babu wanda ya yi dariya a fili, kuma wannan ya fi dariyar ciwo. Dattijuwar ta ce, "Ma'alesh ya ibni," wato ba komai ɗana, kalmar da suke shafa wa kowane irin rauni. Saurayin ya kawo mini tawul da takardar kuɗi: tattabaru biyu, lemo ɗaya. Na sa hannu a aljihu zan ciro kuɗi, sai yatsuna suka taɓo wata takarda a ninke, ta jiƙe sharkaf. Na buɗe ta a hankali. Tawadar ta bazu amma ana iya karantawa. Bikam. Mish fahim. Birraha. Ala gamb. La shukran. Min ger shaɗɗa, ban da barkono. A can sama kuwa, lamba ta ɗaya, fen il-hammam, ina makewayi. Yaron ya rubuta ta da Larabci da boko, ya zana shaddar a kan mim ɗin da girma, har ya ja mata layi biyu a ƙasa. Tun safe tana kan ƙirjina.

Saurayin ya faɗi wata magana mai tsawo yana nuna farantin. Na buɗe baki zan ce na'am, sai na tsaya. Na dubi takardar. Na ce, "Mish fahim. Birraha." Rufin ɗakin bai faɗo ba. Ya yi murmushi, ya maimaita a hankali yana kwatantawa da hannu: in naɗe maka su ka tafi da su? Na gane kowace kalma.

Da na koma asibiti da yamma, riga ta bushe ta yi tabo, na tarar da ɗalibin nawa ya zo duba Yaya. Na so in ɓoye, amma ƙunshin tattabaru ba ya ɓoyuwa, kuma Yaya ɗan kasuwa ne, ya iya tatsar magana. Yaron ya juya fuska bango, kafaɗunsa na rawa, yana ta cewa, "Allah gafarta Malam, ai kowa ma yana yi." Yaya kuwa ya yi dariya har nas ta leƙo ta ce kada ya motsa ƙafar. Ya sa aka ɗaga masa gado, ya buɗe ƙunshin, ya cinye tattabarun nan biyu har ƙashi, yana tsotsar yatsu. Da ya gama ya goge baki ya ce, "Malam, gobe in ka fita, don Allah ka sake tambayar makewayin nan. Amma ka ce musu guda huɗu."